Gwajin jini kafin aure a Kano: ina ikon gwamnati ya tsaya, ina zaɓin mutum ya fara?

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Bisa bayanin da gwamnati ta fitar, ba za a ɗaura aure a jihar ba sai masu niyyar auren sun kawo takardar shaida daga asibitin da hukuma ta amince da shi, wadda ke nuna an yi musu gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin da ke gano sikila. Wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko a haɗa masa duka biyun. Dokar ta kuma haramta tsangwama da nuna wariya ga masu ɗauke da waɗannan cututtuka.

Tun daga lokacin tambayoyi ba su ƙare ba, a majalisun unguwa da shirye-shiryen rediyo da shafukan Facebook. Idan sakamako ya fito da matsala, an hana auren ke nan? Auren da aka ɗaura ba takarda, ya ɗauru ko bai ɗauru ba? Wa ke da ikon ganin sakamakon? Duk waɗannan rassa ne na wata muhawara da ta girmi dokar nesa ba kusa ba, wato har ina hukuma za ta iya sa hannu a abin da baligi mai hankali ya zaɓa wa kansa.

## Abu uku da ake kira da suna ɗaya

Yawancin gardamar tana tasowa ne domin ana cakuɗa abubuwa uku. Akwai tilasta wa mutum ya san halin da jininsa ke ciki. Akwai tilasta masa ya sanar da wani, ko wadda zai aura, ko iyayenta, ko wanda zai ɗaura auren. Sannan akwai hana shi auren kwata-kwata idan sakamakon bai yi kyau ba. Kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi kutsawa cikin rayuwar mutum, kuma kowanne yana bukatar hujjar kansa. Mutum zai iya goyon bayan na farko ɗari bisa ɗari, ya yi ɗari-ɗari da na biyu, ya ƙi na uku, kuma bai yi tufka da warwara ba.

Abin da gwamnatin Kano ta bayyana a matsayin laifi shi ne ɗaura aure ba tare da takardar gwaji ba, wato mataki na farko. Sai dai takarda ba ta da amfani sai an nuna ta, don haka na biyu yakan biyo baya ko ba a rubuta shi ba. Na uku kuwa iyaye ne kan zartar da shi a cikin gida tun kafin hukuma ta ce uffan.

Akwai wani ruɗanin na daban da ya kamata a kawar. Rukunin jini, wato A da B da AB da O, shi ake dubawa idan za a yi wa mutum ƙarin jini, kuma ba ya nuna sikila. Wanda ke nuna ta shi ne abin da ma'aikatan lafiya ke kira jinotayif: AA ga wanda bai gaji ƙwayar halittar sikila ba, AS ga wanda ya gaje ta daga ɓangare ɗaya na iyaye, SS ga mai cutar da ya gaje ta daga duka biyun, sai AC da SC da ba su kai waɗancan yawa ba. Ba abin mamaki ba ne ka ji saurayi ya ce “ai ni O ne, ba ni da matsala”, alhali bai taɓa yin gwajin da ake magana a kai ba.

## Cututtukan ba hali ɗaya gare su ba

Dokar ta jera cututtukan a layi ɗaya, amma hujjar shigar gwamnati a kowacce daban take.

Sikila, ko amosanin jini, gadonta ake yi, ba a ɗaukarta daga wani. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar halittar ta yawaita a yankunan da sauro ya yi katutu. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da fitarwa ya nuna kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ita, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar a ƙasar kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. A lura da “kowane ciki”. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai fito da cutar ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, shi ya sa wani gida zai haifi biyar ba mai sikila ko ɗaya, wani kuma a jera uku.

Wanda ya zauna kusa da gidan da ke da irin wannan yaro ya san abin da alƙaluman ke nufi. Tun yana jariri yatsun hannu da na ƙafa kan kumbura. Da hunturu ya shigo sai ciwon ƙashi ya tashi cikin dare, yaro na kuka ba ya son a taɓa shi, a nemi mai adaidaita sahu a wuce asibiti, a ce jini ya yi ƙasa, uba ya shiga kiran 'yan'uwa yana neman wanda zai bayar. Uwa ta ajiye sana'arta ta koma kwanan asibiti, makaranta kuma a yi ta fashi. Wannan ne babban abin da masu goyon bayan dokar ke nunawa, kuma ba wanda ke jayayya da shi.

Ƙanjamau kuwa ɗaukarta ake yi, don haka wanda ke cikin haɗari na farko shi ne abokin zama, sai jariri. Amma yau akwai maganin da ke danne ƙwayar cutar. Wanda ke shan sa a kan ka'ida har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin auna yawanta ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa, kuma mai ciki da ke shan magani tana da babbar damar haifar jariri lafiya. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi da za a yi wa abokin zaman da bai kamu ba, da wadda ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C kuma akwai ƙwayoyin da ke warkar da mafi yawan masu shi cikin wata biyu zuwa uku, duk da tsadarsu.

Ke nan a cututtuka uku sakamakon gwaji yana nuna abin da za a yi don auren ya tafi lafiya. A sikila kuwa, ga yawancin mutanenmu, zaɓi biyu ya rage: a fasa, ko a shiga da sanin haɗarin. A nan muhawarar ta fi zafi.

## Yadda aka iso nan

Gwajin kafin aure ba baƙo ba ne a Kano. Tun da aka fara auren zawarawa a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisbah ta sa gwajin lafiya cikin sharuɗɗa, haka ma a auren gata na Oktoban 2023 da aka aurar da ma'aurata 1,800. Coci-coci da dama a Najeriya sun daɗe suna neman takardar asibiti kafin ɗaurin aure, iyalai da yawa a birane ma sun ɗauki al'adar da kansu.

Bambancin shi ne a auren gata gwajin sharaɗi ne na karɓar tallafi. Wanda ke son gwamnati ta biya sadaki ta sayi gado da katifa, sai ya bi ƙa'idarta, wanda ba ya so ya yi aurensa a gida ba mai kama shi. Sabuwar dokar ta ɗauko sharaɗin ta ɗora shi a kan kowane aure, ta kuma haɗa shi da tara da kurkuku. A nan maganar ta tashi daga tallafi ta koma iko.

Kano tana kuma da tarihin da ke sa mutane ɗari-ɗari da umarnin lafiya idan ya zo daga sama. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma ana danganta shi da zargin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Abin da ya taimaka wajen dawo da rigakafin shi ne shigowar sarakuna da malamai, fiye da barazanar hukunci.

## Tsarin mulki da shari'u biyu

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa, sashe na 38 kuma ya kare 'yancin tunani da addini. Sai sashe na 45 ya zo ya ce waɗannan haƙƙoƙi ba za su soke dokar da hankali zai karɓa a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya ba, muddin an yi ta don tsaro, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar al'umma, ko lafiyar jama'a, ko don kare haƙƙin wasu. Wato tsarin mulkin bai ba kowane ɓangare nasara kai tsaye ba. Ya bar wa kotu ta auna ko dokar ta yi daidai da girman matsalar.

Kotun Ƙoli ta taɓa yin irin wannan awo sau biyu a kan ƙarin jini, kuma sakamakon ya bambanta. A shari'ar likita Okonkwo ta 2001, wata mata mabiyar ɗariƙar Shaidun Jehobah ta ƙi a ƙara mata jini saboda aƙidarta, likitan ya mutunta zaɓinta, ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta same shi da laifi. Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa, sai fa idan akwai wata maslahar jama'a da ta rinjaya. A shari'ar Esabunor da Faweya ta 2019 kuwa, uwa ce mai irin wannan aƙida ta hana a ƙara wa jaririnta jini, aka samo umarnin kotu aka ƙara masa. Kotun Ƙoli ta ce an yi daidai, domin ran yaron ya fi ƙarfin aƙidar iyayensa.

Idan aka jera hukunce-hukuncen biyu, layin ya fito: abin da ya tsaya a jikinka naka ne, abin da ya tsallaka zuwa ga yaro hukuma na iya shiga. Auren AS da AS bai zauna daidai a kowane gefe ba. Mutum biyu ne baligai suka yarda da juna, amma wanda zai ɗauki ciwon shi ne yaron da ko cikinsa ba a ɗauka ba, kuma a kowane ciki yiwuwar ya tsira daga cutar ita ce kashi 75 cikin 100. Lauyan gwamnati zai jingina da shari'ar 2019, lauyan ma'aurata ya jingina da ta 2001.

Akwai kuma dokokin tarayya da suka taɓa batun sirri. Dokar hana wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar duk sun hana fallasa bayanin lafiyar mutum ba da izininsa ba, sai a wuraren da doka ta keɓe. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ke bukatar tsaro na musamman.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu kare 'yancin mutum kan koma ga ƙa'idar da masanin falsafa na Ingila John Stuart Mill ya shimfiɗa a 1859, cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa baligi komai sai don hana shi cutar da wani, kuma amfanin kansa bai isa hujja ba. A ganinsu aure shi ne zaɓi mafi kusanci da zuciyar mutum, kuma da zarar an yarda gwamnati ta tsaya a ƙofarsa tana neman takarda, gobe za ta iya ƙara wani sharaɗin. Suna tuna wa mutane cewa Jamus ta zamanin Hitler ta yi dokar “lafiyar aure” a 1935, kuma jihohin Amurka da dama sun yi wa dubban mutane aikin hana haihuwa da ƙarfin doka a ƙarni na 20, duk da sunan inganta zuri'a. Ba wanda ke cewa dokar Kano irin waɗannan ce. Abin da suke cewa shi ne ƙofa ɗaya ake bi.

Abin lura shi ne Mill ɗin da kansa bai tsaya inda magoya bayansa ke zato ba. A wannan rubutun nasa ya ce kawo yaro duniya ba tare da halin kula da shi ba laifi ne a kan yaron, har ya ce dokokin wasu ƙasashen Turai da ke hana aure sai mutum ya nuna yana iya riƙe iyali ba su wuce ikon hukuma ba. Don haka ɗaya ɓangaren ma yana da abin kamawa a wurinsa.

Masu goyon bayan dokar suna da wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Suna cewa yarda ba ta cika sai da sani. Budurwar da aka ɗaura mata aure da mai ɗauke da ƙanjamau ba ta sani ba, ba za a ce ta zaɓa ba. A yanayin da yarinya ba ta iya buɗe baki ta ce wa manemi ko waliyyinta “sai an yi gwaji”, dokar ce ke yin maganar a madadinta. Ta wannan fuska dokar tana tauye 'yancin mai ƙarfi ne don ta ba mai rauni nasa. Masu adawa kan amsa da cewa wannan hujja ta isa ta wajabta gwaji da sanar da abokin aure, amma ba ta kai ga sanar da taron ɗaurin aure ba, ba ta kuma kai ga shekara biyar a gidan yari ba.

## Matsayin malamai

A fiƙihun Malikiyya aure na ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da siga, wato lafazin bayarwa da karɓa, da ango da amaryar da babu abin da ya haramta su ga juna, tare da shaidu. Takardar asibiti ba ta cikin wannan jeri, shi ya sa ake raba tambaya biyu: ingancin aure a shari'a daban, saɓa wa dokar hukuma daban. Amma fiƙihun bai kau da kai daga lafiya ba. Ya ba miji ko mata zaɓin warware aure idan aka ɓoye aibi irin hauka ko kuturta ko albaras, abin da ke nuna ɓoye cuta ga abokin aure ba ƙaramin abu ba ne.

Malaman da ke goyon bayan tilasta gwaji suna kafa hujja da hadisin “la darara wa la dirar”, wato ba cuta ba cutarwa, da ƙa'idar cewa shugaba na iya taƙaita abin da yake halal idan maslahar jama'a ta bukata. Waɗanda ba su gamsu ba suna da babbar madogara su ma. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka, a zamanta na 17 a ƙarshen 2003, ta ce sharuɗɗan aure Shari'a ce ta gindaya su, don haka wajabta gwajin lafiya da rataya rajistar aure a kansa bai halatta ba. A wannan matsayar dai ta nemi gwamnatoci su wayar da kai, su ƙarfafa mutane su yi gwajin, su sauƙaƙa shi, kuma a riƙe sakamakon a asirce tsakanin masu shi kawai. Saɓanin malamai ke nan a kan tilastawa yake, ba a kan amfanin gwajin ba.

## Waɗanda suka riga gwadawa

Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da wata cutar jini ta gado mai suna talasimiya a 2004, watanni kaɗan bayan waccan fatawa, ta ƙara ƙanjamau da ciwon hanta a 2008. A cututtukan gado tsarinta shi ne gwaji dole, amma yanke shawara na ma'aurata ne bayan an zaunar da su an yi musu bayani. Binciken farko ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka ce jininsu bai dace ba sun ci gaba da aurensu. Zuwa 2009 masu fasawa sun kai kusan rabi. Babban dalilin da aka bayar na rashin fasawa da farko shi ne gwajin na zuwa a makare, bayan dangi sun gama magana an kashe kuɗi.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Kafin a kai ga ranar ɗaurin aure an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, uwar amarya ta ci bashi ko ta kwashi adashi ta sayi kayan ɗaki, an raba kati. Sakamakon da ya fito saura mako biyu ihu ne bayan hari. Mutane kaɗan ne za su iya tsayar da biki a wannan gaɓa, kuma a nan ne jarabar neman takardar bogi ke shigowa.

Jihar Ilinoi ta Amurka ta wajabta gwajin ƙanjamau kafin aure a 1988. Cikin wata shida na farko an gwada mutum 70,846, aka sami 8 da cutar, yawan masu karɓar lasisin aure a jihar ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 domin mutane sun riƙa tsallakawa maƙwabtan jihohi. A 1989 aka soke dokar. Yawan masu sikila a Najeriya ya sa lissafin nan ba zai zama ɗaya da namu ba, amma tsallaka iyaka abu ne mai sauƙi a ko'ina. China kuma ta nuna ɗaya gefen: da ta cire tilas a 2003, masu yin gwajin kafin aure sun faɗo daga kusan kashi biyu bisa uku zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100 a shekara mai bi. Wanda ke cewa wayar da kai kaɗai ya isa sai ya amsa wannan.

Akwai kuma abin da ya faru a Amurka a farkon shekarun 1970, lokacin da wasu jihohi suka wajabta gwajin sikila ga baƙar fata. Mutane ba su bambance mai AS da mai SS ba, sai aka riƙa hana masu lafiya aiki ko tsauwala musu kuɗin inshora. Dokar tarayya ta 1972 ta sa sharaɗin cewa shirin da zai sami kuɗinta sai ya zama na ganin dama.

## Inda za ta taɓa talaka

Tarar naira 500,000 ta haura albashin wata bakwai ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000. Kafin a kai ga tara ma akwai kuɗin gwaje-gwajen na mutum biyu da kuɗin mota. Mazaunin Fagge ko Tarauni yana da asibitoci a kusa. Mazaunin ƙauyen da ke can cikin Doguwa ko Sumaila sai ya ba da yini, wataƙila ya sake komawa karɓar sakamako. Idan ba a kai gwajin kusa da mutane a farashin da za su iya ba, dokar za ta fi kama wanda ya kasa, ba wanda ya ƙi ba.

Sai batun sirri, wanda shi ne ya fi saurin lalacewa. A wurin ɗaurin aure ana zaune a kan tabarmi ko cikin masallaci bayan sallar Juma'a, liman ya tambayi waliyyi da wakilin ango, a ambaci sadaki, a miƙo takarda. Takardar kan bi ta hannu biyu ko uku kafin ta isa gare shi, kuma kowa na iya kai ido. Idan abin da ke rubuce shi ne “an yi gwaji, an yi musu bayani”, asiri ya rufu. Idan kuwa sakamakon ne ɓaro-ɓaro, kafin a gama raba goro da alawa labari ya kai cikin gida. Yadda aka tsara wannan takarda zai iya zama abin da ya fi kowane sashe na dokar tasiri a rayuwar mutane.

Nauyin fallasar ma ba daidai yake faɗa wa namiji da mace ba. Saurayin da aka fasa da shi kan nemi wata a wata unguwa. Budurwar da aka ce “an fasa bayan gwaji” kan zauna da zargi, domin masu tsegumi ba sa tsayawa tambayar ko AS ce ko wani abu daban. Masu SS, waɗanda za su iya auren mai AA ba tare da haifar mai cutar ba, su ma suna iya samun ƙofofi a rufe saboda rashin fahimta. Sashen dokar da ya hana tsangwama yana iya aiki a ofis ko makaranta, amma da wuya ya kai ga dangin da suka janye a shiru.

Ingancin gwajin kansa abin dubawa ne. Kuskuren sakamakon jinotayif sananne ne a ɗakunan gwajin da ba su da kayan aiki masu kyau ko ƙwararru, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Ƙanjamau kuma tana da 'yan makonnin farko da gwaji ba ya ganinta. Kuskure ɗaya zai iya raba masoyan da ba su da matsala, ko ya haɗa waɗanda ke da ita da tabbacin ƙarya. Da zarar gwamnati ta mai da takardar dole, alhakin sa ido a kan masu bayar da ita ya hau kanta.

Aiwatarwa kuma ta rataya ne a wuyan limamai da masu unguwanni, domin yawancin auren Musulmi ba ya bi ta ofishin rajista. Ana ɗaura shi a masallaci ko a ƙofar gida, kuma liman ba ma'aikacin lafiya ba ne balle ya gane takardar gaske da ta bogi. Idan hukunci ya tsananta a kansu, wasu za su guji ɗaurawa, wasu auren kuma su koma ɓoye ko ƙauyen wata jiha, inda mace ke rasa shaidun da za ta bukata ranar rikicin gado ko saki.

Akwai hanyar da ke rage karon da ake yi tsakanin ikon hukuma da zaɓin mutum, kuma ma'aikatan lafiya sun daɗe suna kiran a bi ta: a yi gwajin jinotayif tun wuri, a wurin haihuwa ko lokacin shiga makarantar sakandare. Jinotayif ba ya canzawa, don haka gwaji ɗaya mai inganci ya isa. Jaririn da aka gano yana da SS da wuri ana iya fara ba shi maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da zazzaɓin cizon sauro, abin da ke rage mutuwar irin waɗannan yara sosai. Saurayi da budurwar da suka san nasu tun suna makaranta kuwa za su iya yin tambayar a farkon zance, kafin manya su shiga. Wannan ba zai maye gurbin gwajin ƙanjamau da ciwon hanta ba, waɗanda dole a yi su dab da aure, amma zai cire mafi wuyar hukuncin daga makon biki.